Hrishikesh Mukherjee: Malamin lissafin da ya zama gwanin tace fim da ba da umarni a Indiya

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan Indiya, ko a silimun Kano da Kaduna da Jos ne, ko a Pen Cinema ta Agege, ko kuwa a gidan kallo na unguwa, to ya san Amitabh Bachchan, ya san Dharmendra wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, ya san Rajesh Khanna da Rekha. Amma idan ka ambaci Hrishikesh Mukherjee a majalisa, da wuya ka samu wanda zai ce ya san shi. Alhali kuwa duk waɗannan jarumai sun yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma wasu daga cikin fitowar da ake yaba musu har yau a fina-finansa suka yi su.

Hrishikesh Mukherjee mai tace fim ne, marubucin labari, kuma darakta ɗan ƙasar Indiya. An haife shi a 1922, ya mutu a 2006. Ya ba da umarnin fina-finai 42, ya tace na wasu daraktoci da dama, sannan a ƙarshen aikinsa ya shirya wasannin talabijin. Abokan sana'arsa da Hrishi-da suke kiransa. Wannan "da" ɗin da ake liƙawa a ƙarshen suna, a harshen Bangali girmamawa ce ga babban wa, kamar dai yadda mu muke cewa Yaya wane.

Haihuwa da karatu

An haifi Hrishikesh ranar 30 ga Satumba, 1922, a birnin Kalkata da ke yankin Bangal, lokacin Indiya tana ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Kimiyya ya karanta, ya samu digiri a fannin sinadarai daga Jami'ar Kalkata. Bayan ya gama, ya ɗan taɓa koyar da lissafi da kimiyya kafin harkar fim ta ja shi.

A ƙarshen shekarun 1940 ya shiga kamfanin New Theatres na B. N. Sircar, wanda a lokacin yana cikin manyan kamfanonin fim na Indiya. Da aikin kyamara ya fara, daga baya ya koma ɗakin tace fim. A nan ya koyi sana'a a hannun Subodh Mitter, wani ƙwararren edita da ake wa laƙabi da Kenchi-da, wato Yaya Almakashi. Laƙabin kaɗai ya isa ya gaya maka yadda aikin yake a wancan zamani.

Mene ne aikin mai tace fim?

A Hausa kalmar "tacewa" tana ɗaukar ma'ana biyu a harkar fim, kuma ya kamata mai karatu ya bambance su. Akwai tacewa ta hukuma, wato duba fim don a cire abin da ya saɓa wa doka ko tarbiyya kafin a sake shi kasuwa. Akwai kuma tacewa ta edita, wato harhaɗa hotunan da aka ɗauko daga lokeshin har su zama labari guda. Hrishikesh ya taɓa duka biyun, amma ta biyun ce sana'arsa ta asali.

Ba a ɗaukar fim a jere kamar yadda muke kallonsa. Ana iya ɗaukar ƙarshen labari ranar farko, a ɗauki farkonsa bayan wata uku. Fitowa guda kuma akan ɗauke ta sau da yawa, daga nesa, daga kusa, ta fuskar wannan, ta fuskar wancan. Edita ne zai zauna da wannan tarin hotuna ya zaɓi wanda ya fi, ya yanke shawarar inda za a bar fuskar mai magana a koma kan fuskar mai sauraro, da tsawon shirun da za a bari kafin a ba da amsa. Idan ya yi gaggawar yankewa, hawayen mai kallo ba zai zo ba. Idan ya ja abin ya yi tsawo, barkwanci sai ya huce kamar shayin da aka manta a kan tebur.

A zamanin Hrishikesh babu kwamfuta. Zaren fim ne mai faɗin milimita 35, wanda hoto 24 ke wucewa a kowane sakan. Naɗi guda mai tsawon ƙafa 1,000 bai wuce kallon minti 11 ba. Edita zai saka zaren a wata na'ura da ake kira Moviola, ya leƙa ta ƙaramin gilashi, ya sa alama da fensir, ya yanke, ya manne da gam. Kuma shi zaren fim da tsada yake, daga ƙasashen waje ake shigo da mafi yawansa. Saboda haka wanda ya girma a wannan ɗaki ya san darajar kowane taku na zare. Wannan tarbiyya ita ta bi Hrishikesh har ƙarshen aikinsa.

Ƙaura zuwa Bambai

A 1947 aka raba Indiya da Pakistan, aka raba yankin Bangal gida biyu. Masu shirya fim a Kalkata suka wayi gari babban ɓangare na kasuwarsu ya koma wata ƙasa. Kamfanin New Theatres ya fara durƙushewa, ma'aikata suka shiga neman mafita. A farkon shekarun 1950 darakta Bimal Roy ya tattara ya koma Bambai, birnin da yanzu ake kira Mumbai, ya tafi da wasu yaransa. Hrishikesh yana cikinsu, a matsayin edita kuma mataimakin darakta.

Wato shi ma baƙo ne a garin da ya yi suna. Harshen gidansu Bangali ne, amma fina-finan da zai yi na harshen Hindi ne. Wannan ayari na 'yan Bangal da suka sauka a Bambai, har da mai kiɗa Salil Chowdhury da marubuci Nabendu Ghosh, sun riƙe juna, suna jawo juna cikin aiki, kuma sun shigo da wani salo na labarin talaka da ba a saba gani ba a fina-finan Hindi.

Babban aikinsu na farko da duniya ta sani shi ne Do Bigha Zamin na 1953. Salil Chowdhury ne ya kawo labarin, Hrishikesh ya tsara shi ya kuma tace fim ɗin, Bimal Roy ya ba da umarni. Ma'anar sunan ita ce 'yar gona mai faɗin biga biyu, biga kuwa ma'aunin fili ne a can. Labarin wani manomi ne, Shambu, wanda Balraj Sahni ya fito a matsayinsa. Mai kuɗin ƙauyensu yana son gonarsa don a gina masana'anta, sai ya maka shi kotu a kan bashi. Kotu ta ba shi wata uku ya biya rupi 235 ko a yi gwanjon gonar. Shambu ya tafi Kalkata ci-rani, yana jan keken ɗaukar mutane da hannu, ɗansa kuma yana shushaina a bakin titi. Duk wanda ya taɓa barin gida ya sauka a Legas ko Fatakwal da niyyar tara abin da zai fanshi gona ko ya biya bashi, ba sai an fassara masa wannan fim ba.

Akwai wata fitowa a ciki da har yau ake nuna wa ɗaliban fim. Wani fasinja ya sa Shambu ya bi wani keken da gudu, yana ta ƙara masa kuɗi don ya ƙara sauri. Hotuna suna ta gajarcewa, daga ƙafafun Shambu zuwa fuskarsa zuwa tayar keke, har tayar ta fice ya faɗi. Tashin hankalin da mai kallo yake ji a wurin, aikin almakashi ne. Fim ɗin ya samu lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 1954, kuma shi ne ya fara cin kyautar Filmfare ta fim mafi kyau.

Hrishikesh ya ci gaba da aiki da maigidansa a Devdas na 1955 da Madhumati na 1958, dukkansu da Dilip Kumar. Sau uku ya ci kyautar Filmfare ta gwanin tace fim: a kan Naukri, da Madhumati, da kuma nasa fim ɗin Anand. Ko bayan ya zama darakta bai ajiye almakashi ba. Shi ya tace Chemmeen na 1965, fim ɗin harshen Malayalam na Ramu Kariat, wanda ya zama fim na farko daga kudancin Indiya da ya ci lambar zinare ta shugaban ƙasa. Haka kuma sunansa ne a matsayin edita a Coolie na 1983, fim ɗin ɗan dakon tashar jirgin ƙasa da mutanenmu suka sani sosai, wanda Amitabh ya ji mummunan rauni wajen ɗaukarsa a 1982.

Hawa kujerar darakta

Fim ɗinsa na farko a matsayin mai ba da umarni shi ne Musafir na 1957. Labarin gidan haya ne guda ɗaya da 'yan haya uku da suka zauna a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa: aure, haihuwa, mutuwa. Duk da akwai Dilip Kumar da Kishore Kumar da Suchitra Sen a ciki, fim ɗin bai yi kasuwa ba. Sai dai manya a masana'antar sun ga alamar gwaninta.

Na biyun, Anari na 1959, shi ya buɗe masa ƙofa. Raj Kapoor ya fito a matsayin wani talaka mai zane, mai gaskiya har ta yi masa yawa, yana haya a gidan wata tsohuwa Kirista mai faɗa a baki amma mai tausayi, wadda Lalita Pawar ta fito a matsayinta. Tsohuwar ta mutu bayan ta sha gurɓataccen magani na kamfanin da yake wa aiki, aka ɗora masa laifin. Fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai, ya ci kyaututtukan Filmfare biyar, ciki har da ta gwarzon jarumi ga Raj Kapoor. Kyautar darakta kuwa a wannan shekara maigidansa Bimal Roy ne ya ɗauke ta da fim ɗin Sujata.

A 1960 ya fitar da Anuradha, labarin mawaƙiyar da ta bar waƙa ta auri likitan ƙauye, shi kuma aikin asibiti ya ɗauke masa hankali har ya manta da abin da ta sadaukar. Ravi Shankar ne ya yi kiɗan. Fim ɗin ya ci lambar zinare ta shugaban ƙasa, aka kuma shigar da shi gasar bikin fina-finai na Balin da ke Jamus a 1961.

Daga nan ya shiga aiki da Dharmendra. Mu nan mun fi sanin Dharmendra da naushi da tsalle, amma a hannun Hrishikesh wani mutum ne daban. A Anupama na 1966 marubuci ne mai sanyin hali da ya taimaki wata yarinya wadda mahaifinta ya ƙi ta saboda uwarta ta mutu wajen haihuwarta. A Satyakam na 1969 injiniya ne da ya ƙi cin hanci, ya yi ta rasa aiki saboda haka, har ciwon daji ya kashe shi cikin talauci. Masu sharhi da dama suna ganin ita ce fitowa mafi kyau da Dharmendra ya taɓa yi. Tsakanin waɗannan biyun akwai Aashirwad na 1968, wanda ya sa dattijo Ashok Kumar ya ci kyautar gwarzon jarumi ta ƙasa.

Anand da shekarun 1970

Idan aka ce a zaɓi fim ɗaya a cikin 42, mafi yawan mutane Anand na 1971 za su nuna. Rajesh Khanna, wanda a lokacin babu jarumin da ya kai shi tashe, ya fito a matsayin Anand, wani mutum da ciwon daji na hanji ya kama, likitoci suka ce saura masa 'yan watanni. Maimakon ya kwanta jiran mutuwa, sai ya zama shi ke sa kowa dariya. Likitansa, Dokta Bhaskar, mutum ne mai ɗaure fuska wanda talaucin marasa lafiya ya sa ya fara yanke ƙauna da aikinsa. Wani dogon saurayi da fina-finansa ba su fara kasuwa ba aka ba wannan matsayi, sunansa Amitabh Bachchan. Da wannan fitowa ya ci kyautar Filmfare ta farko a rayuwarsa.

Ginin fim ɗin ma na edita ne. Tun a farko an gaya wa mai kallo cewa Anand ya mutu, domin labarin yana fitowa ne daga littafin da likitan ya rubuta a kansa. Saboda haka ba jiran ko zai warke ake yi ba, kallon yadda ya yi amfani da sauran kwanakinsa ake yi. A ƙarshe, bayan ya cika, likita yana kuka yana roƙonsa ya yi magana, sai rikodar da aka bari a kunne ta saki muryarsa da dariyarsa da suka naɗa tun yana da rai. Ɗan shirun da aka bari kafin muryar ta fito shi ne ke karya zuciyar mai kallo. Gulzar ne ya rubuta maganganun fim ɗin, Salil Chowdhury ya yi kiɗa, kuma Hrishikesh ya sadaukar da shi ga Raj Kapoor da mutanen Bambai. Ya ci kyaututtukan Filmfare shida.

A wannan shekarar dai ya fitar da Guddi, inda Jaya Bhaduri ta fara fitowa a fim ɗin Hindi. 'Yar makaranta ce da son Dharmendra na cikin fim ya rufe wa ido har ta ƙi saurayin da ke sonta. Sai aka kai ta wurin ɗaukar fim, Dharmendra da kansa ya nuna mata cewa ginin kwali ne, faɗan na wasa ne, kuma akwai talakawan ma'aikata da ke wahala a bayan kyamara. A 1972 sai Bawarchi, wato kuku, inda Rajesh Khanna ya shiga wani babban gida da 'yan'uwa ba sa ga-maciji da juna, ya gyara tsakaninsu ta hanyar girki da iya magana.

A 1973 ya yi fina-finai biyu masu nauyi. Abhimaan, wato girman kai, labarin mawaƙi ne da ya auri 'yar ƙauye mai murya, ya shigo da ita harkar waƙa, sai ta fi shi karɓuwa, kishi ya nemi ya rusa auren. Amitabh da Jaya ne suka fito, kuma a shekarar suka yi aure a zahiri. Namak Haraam kuwa, wato butulu, labarin abokai biyu ne, ɗan mai masana'anta da ɗan talaka. Ɗan talakan ya shiga ƙungiyar ƙwadago da niyyar ya wargaza ta don ya rama wa abokinsa, amma da ya zauna da leburori ya ga halin da suke ciki, sai ya koma ɓangarensu. Daga wannan fim Rajesh Khanna da Amitabh ba su sake haɗuwa a matsayin jarumai a fim ɗaya ba.

Gaba ɗaya sau takwas Amitabh ya ja fim a ƙarƙashin Hrishikesh: Anand, Abhimaan, Namak Haraam, Chupke Chupke, Mili, Alaap, Jurmana da Bemisal. Abin lura shi ne a daidai lokacin da Zanjeer da Deewaar da Sholay suka mai da shi jarumin fushi da ɗaukar fansa, a wurin Hrishikesh likita ne, ko mawaƙi, ko malamin jami'a mai gilashi.

Gwanin barkwanci

A 1975, shekarar da Sholay ya fito, Hrishikesh ya haɗa Dharmendra da Amitabh a Chupke Chupke. Babu bindiga, babu doki. Dharmendra farfesan ilimin tsirrai ne da ya yi shigar direba ya kama aiki a gidan mijin yayar matarsa, don kawai ya nuna wa matar cewa wannan suruki da take ta yabo ana iya yi masa wayo.

Gol Maal na 1979 shi ne ya fi shahara a wannan layi. Amol Palekar ya fito a matsayin wani saurayi da ya samu aiki a wurin wani dattijo, Utpal Dutt, wanda ya yi imani cewa duk namijin da ba shi da gashin baki ba shi da hali, kuma ba ya son ma'aikaci mai sha'awar wasanni. Saurayin ya yi ƙaryar mahaifiyarsa ba ta da lafiya ya tafi kallon wasan hoki, maigida ya hango shi a can. Don ya tsira da aikinsa sai ya ce ai tagwayensa ne aka gani, wanda ba shi da gashin baki. Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwar ƙarya, sai da ya nemo har uwar aro. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma a kan wannan aka gina fim ɗin tun daga farko har ƙarshe. Amol Palekar ya ci kyautar gwarzon jarumi da shi. An sake yin labarin da harshen Tamil a 1981 da sunan Thillu Mullu tare da Rajinikanth, kuma daga gare shi aka samo Bol Bachchan na 2012.

A 1980 sai Khubsoorat, inda Rekha ta fito a matsayin yarinya mai rawar kai da ta je gidan surukan yayarta, ta tarar da uwar gida mai dokoki kamar barikin soja. Fim ɗin ya ci kyautar Filmfare ta fim mafi kyau, Rekha kuma ta ci ta gwarzuwar jaruma.

Yadda yake aiki

Waɗanda suka yi aiki da shi sun sha bayyana shi a matsayin mutum mai tsari irin na hedimasta. Kafin a kunna kyamara ya riga ya tace fim ɗin a kansa, don haka ba ya ɗaukar abin da ya san zai zubar. Idan fitowa ta yi daidai a ɗauka ta farko, ba ya yarda a maimaita don kawai jarumi yana so. Wannan ya sa fina-finansa ba sa cin kuɗi da yawa, kuma manyan jarumai kan rage farashinsu don su fito a ciki.

Ba ya neman manyan gine-gine ko ƙasashen waje. Falo, tsakar gida, ofis, asibiti, su ne wuraren labarinsa. Har gidansa da ke unguwar Bandra, wanda ya sa wa suna Anupama, ya yi amfani da shi wajen ɗaukar fim, ciki har da Gol Maal. Mutanen labarinsa kuwa masu matsakaicin hali ne: malamai, akawu, likitoci, masu neman aiki. Da wuya ka ga bos a fim ɗinsa. Matsalar takan fito ne daga girman kai, ko taurin kan uba, ko rashin lafiya, ko ƙaramar ƙarya. Akwai waƙoƙi, amma kowace tana da dalilin zuwanta a labarin. Masu sharhi sukan sa shi tare da Basu Chatterjee da Gulzar a matsayin masu bin hanyar tsakiya, tsakanin fina-finan kasuwa masu faɗa da rawa da kuma fina-finan masana da ba kowa ke iya zama ya kalla ba.

Komawa talabijin

A shekarun 1980 kasuwa ta juya. Fina-finan faɗa suka mamaye silima, bidiyo ya shigo gidaje, iyalan da ke zuwa kallon irin fina-finansa suka fara zama a gida. Ya yi Naram Garam a 1981 da Rang Birangi a 1983, amma karɓuwar ba kamar da ba.

A daidai lokacin gidan talabijin na gwamnatin Indiya, Doordarshan, yana bunƙasa. A 1982 ya fara watsa hoto mai launi, a 1984 kuma ya fara nuna Hum Log, wasan kwaikwayo mai dogon zango na farko a ƙasar. Manyan daraktocin silima irin su Ramanand Sagar da B. R. Chopra da Basu Chatterjee da Gulzar duk suka karkata can. Hrishikesh ma ya bi masu kallonsa har falonsu, ya shirya wasanni irin su Hum Hindustani, Dhoop Chhaon, Rishte, Ujaale Ki Or, da Talaash na 1992. Salon nasa na labarin cikin gida da ƙaramin kasafi dama ya dace da talabijin.

Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Jhooth Bole Kauwa Kaate na 1998, da Anil Kapoor da Juhi Chawla da Amrish Puri. Ya koma kan tsohon jigonsa na saurayi mai ƙarya da uba mai tsauri, amma zamani ya riga ya wuce wurin, fim ɗin bai yi wani tasiri a kasuwa ba.

Muƙamai da lambobin yabo

Ya shugabanci hukumar tace fina-finai ta ƙasar Indiya a farkon shekarun 1980, ya kuma shugabanci hukumar bunƙasa fina-finai ta ƙasa. Gwamnati ta ba shi kyautar Dadasaheb Phalke ta shekarar 1999, wadda ita ce mafi girma a harkar fim a Indiya. A 2001 aka ba shi Padma Vibhushan, lambar girma ta biyu mafi daraja da ake ba farar hula a ƙasar.

Iyali da ƙarshen rayuwa

Matarsa ta riga shi mutuwa da fiye da shekara talatin. Suna da 'ya'ya biyar, mata uku da maza biyu. An san shi da son wasan dara irin na Turawa da kuma kiwon karnuka, kuma a shekarunsa na ƙarshe ya fi zama a gida saboda ciwon gaɓoɓi. Daga baya ciwon ƙoda ya kama shi. A watan Yuni na 2006 aka kwantar da shi a asibitin Lilavati da ke Mumbai, ya mutu ranar 27 ga Agusta, 2006, yana da shekara 83.

Abin da ya bari

Har yau ana ɗibar labaransa. Hero No. 1 na Govinda, wanda David Dhawan ya yi a 1997, daga Bawarchi aka samo shi. An sake yin Khubsoorat a 2014 da Sonam Kapoor. Rajkumar Hirani, mai 3 Idiots, wanda ake yawan kwatanta salonsa da na Hrishikesh, shi ma tace fim ya karanta kuma shi ke tace fina-finansa da kansa. David Dhawan ma daga ɗakin tacewa ya fito.

Akwai abin dubawa a nan ga masu shirya fim na Hausa, da ma samarinmu da ke haɗa gajerun bidiyo a waya a Sabo ko Alaba Rago ko Idi-Araba. An daɗe ana cewa fina-finan Hausa sun kwaikwayi Indiya, kuma abin da aka fi ɗauka shi ne rawa da waƙa da soyayyar mutum uku. Amma Indiyar nan tana da wani ɓangare da ya fi kusa da aljihunmu da kuma irin zaman gidajenmu: labarin haya, bashi, suruki, neman aiki, jinya, da aka ɗauka a ɗaki biyu ko uku. Abin da ya riƙe waɗannan fina-finai shi ne rubutu mai kyau da edita da ya san inda zai yanke. A yau da wasanni masu dogon zango suka cika YouTube, inda akan ja fitowar minti biyu ta kai minti goma don a cika lokaci, wannan darasi yana da amfani. Edita kuma ya cancanci a biya shi da kyau a kuma ba shi lokaci, domin a hannunsa fim yake gyaruwa ko ya lalace.

Wanda yake son ya fara kallon aikin Hrishikesh Mukherjee, sai ya fara da Anand idan yana son labari mai taɓa zuciya, ko Gol Maal idan dariya yake nema, sannan ya nemi Do Bigha Zamin ya ga aikin almakashinsa tun yana yaron Bimal Roy.